Tagar Marta

Shekaranjiya wasu mutum biyu suka zo daga birnin Luzern da jakar takardu, wai suna haɗa littafi a kan masu aikin gilashin coci, kuma an ce musu ni na fi kowa sanin Balz Rohrer. Na ba su kofi, na yanka musu cuku, na ce an haife shi a 1901, ya rasu bara, a tsakani kuma ya yi aiki. Suka tsaya suna kallona, alƙalami a hannu. To me zan ƙara? Shekarata saba'in da biyu, gwiwoyina sun ajiye aiki, bakina ma ya kusa. Amma tun da suka tafi maganar ta hana ni sakat, don haka bari in faɗe ta sau ɗaya in huta.

Balz mijin yayata ne, Sefa. Ɗan makiyayi ne a nan Tanwil, ubansa na hawa dutse da shanu duk bazara, shi kuwa ba abin da ya iya sai ɓata ƙofar garke da gawayi. Fadan cocin da muke da shi a lokacin ya ga zanen, ya sa baki aka tura shi Luzern yana ɗan shekara goma sha biyar. Shekara bakwai ya yi can yana koyon yankan gilashi da zane a kansa, ya dawo da akwatin kayan aiki, da tari, da yatsu duk tabo. Ya buɗe shago a tsohon rumbun kawunsa, ya gina tanderu da hannunsa a bayan shagon.

Kada wani ya ce muku babban mutum ne. Aikinsa na kullum shi ne ƴan ƙananan gilasan nan masu tambarin gida da ake ratayewa a tagar falo, na kyautar aure da na gasar harbi. Ba gidan da za ka shiga a kwarin nan ka rasa ɗaya. In wannan ya yi ƙasa sai ya rubuta allon masauki, ko ya zana dutsenmu ya sayar wa baƙin bazara. Dutsen nan ya zana shi ya fi sau ɗari biyu, har yakan ce in ya mutu a binne shi yana ba shi baya.

Ni da shi ba mu taɓa rabuwa da tsiya ba. Ina ce masa Sarkin Ɓarna, don ba ranar da ba a jin ƙarar fashewar wani abu a shagonsa. Shi kuma Sajan yake ce mini, wai tun ina ƴar shekara goma nake ba tsintsiya umarni.

"Mijin yaya, yaushe rabon shagon nan da shara?"

"Tun ranar da kika zo kika share mini jan gilashi na wata guda kika zuba a rami. Don Allah Sajan, tsaya daga bakin ƙofa."

Sefa takan zauna a gefe tana fere dankali tana mana dariya. Ita ba ta da zafina. Shekara goma sha uku suka yi tare, Allah bai ba su haihuwa ba, ban kuma taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba. Hotonta ɗaya ne tak a duniya, na ranar aure, shi ma bai yi ba. Daidai lokacin da mai hoto ya danna sai ta yi atishawa, fuskar ta fito kamar an zuba madara a wurin. Da aka ce a sake, sai ta ce wanda ke son ganinta ya zo gida, tana nan. A hunturun 1942 ciwon huhu ya kama ta, kwana tara ta tafi. Shekararta talatin da shida.

A ƙarshen wannan hunturun dusar ƙanƙara ta zabtaro daga dutse. Ba ta kai coci ba, amma iskarta ta fasa babbar tagar kudu. Dattawan coci suka ba Balz aikin, ba don sun yarda da shi ba, sai don yaƙin duniya ya hana a kira na waje. Aka ce ya yi Marta ta cikin Littafi Mai Tsarki, mai hidimar gida, da tulu a hannu da makullai a ƙugu.

Ya taɓa yi mini bayanin aikin, a lokacin ban saurara da kyau ba, kuma na yi nadama. Launin, ja ne ko shuɗi, a cikin gilashin yake tun daga masana'anta, ba abin da ke fitar da shi. Amma ido da hanci da baki da ninkin tufafi, waɗannan zana su ake yi da wani baƙin gari da ake damawa, sannan a sa gilashin a tanderu har zanen ya narke ya kama jikinsa. In wuta ta kai, shekara ɗari biyar ba abin da zai taɓa shi. Bayan nan a haɗa yanki-yanki da dalma a ɗaga taga. To, yaƙin bai shigo mana ƙasa ba amma ya shigo mana murhu, kwal sai da katin rabo na gwamnati, katin kuma ba ya kallon mai gilashi. Da itace Balz ya gasa tagar nan, ya ƙone har da tsohon shingen gonarsu.

Ranar da aka yaye ƙyallen da ya rufe ta, sai kowa ya zuba mata ido. Sefa ce. Ita ce ɗin nan, da girarta ta hagu da ta ɗan fi ta dama tashi, da bakin nan nata kamar tana riƙe dariya. Mahaifiyarmu ta zauna a benci ta kasa tashi. Fada ya dubi taga, ya dubi Balz, ya gyara murya ya ce Marta ta yi kyau, daga nan bai sake tayar da maganar ba har ya bar garin.

Ni kuwa na auri Toni, mai kula da coci da kaɗa ƙararrawa, sai wankin Ista ya dawo hannuna. Kun dai san halinmu. Macen Tanwil za ta yafe miki zagi, ba za ta yafe miki taga mai datti ba. Mako guda kafin bikin Ista mata za su fito da bokitai da tsani da buroshi, a wanke coci daga sama har ƙasa da ruwan zafi da soda, don hayaƙin kyandir da na turare na shekara guda ba ya fita da lallashi. Shekarar farko ina shiga na tarar Berta matar mahauci ta jingina tsani a tagar kudu.

"Berta, sauko."

"Yo ba wanki muka zo ba?"

"Ki je ki wanke tagar Bitrus, shi ba shi da ƙanwa a garin nan. Wannan tawa ce."

Daga ranar ba wadda ta sake kusantar tagar. Ni nake hawa, ni nake wanke ta, kuma fuskar na fi ba lokaci. Ina dirzawa ina ba ta labarin gari: wa ya yi aure, wa ya haihu, saniyar wa ta faɗa rami, yadda Toni ke munshari. Mata na yi mini dariya daga ƙasa, ko a jikina. In na gama na tsane ta da tsumma, rana ta bugo ta, sai in ji kamar na yi mata kitso. Shekara ashirin da takwas ina wannan, ban fasa ko sau ɗaya ba, har ma a shekarar da Toni ya rasu. Har alfahari nake yi cewa duk kwarin nan ba tagar da ta kai tawa haske. Balz kuwa bai taɓa ganinmu ba, don makon wanki ko hanyar coci ba ya bi. Yakan ce warin soda da surutun mata ashirin sun fi ƙarfin ɗan Adam, ya ɗauki ƙugiyarsa ya tafi rafi.

Bayan yaƙi ya ɗan ga haske. Tagar Marta ta sa aka san shi, aka riƙa kiransa garuruwa, ya yi tagogin coci shida ko bakwai da na wani asibiti, har ya sayi babur da hular fata da ta mai da shi kamar ƙwaro. Bai sake aure ba, ko da yake Berta ta kawo masa ƙannenta biyu ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma yayi ya juya. Masu gina sababbin coci suka ce ba sa son fuska, ba sa son hannu, sai ƙaton gilashi mai kauri a cikin siminti, launi kawai. Balz ya je ya gani, ya dawo ya ce aikin birkila ne, shi bai iya ba. Daga nan ya koma gyaran tagogin da ƙanƙara ta fasa da tambarin gasar harbi. Dalmar da ya yi shekara hamsin yana taɓawa ta shiga jikinsa, hannu ya fara rawa, yanar ido ta rufe masa gani. Abu ɗaya bai canza ba, duk Lahadi yana benci na huɗu ta gefen arewa, inda yake fuskantar tagar.

Wata Lahadi a 1971 ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada.

"Sajan, ke da idonki ke da kyau, kina ganin idanunta?"

Na ce, "Ras nake ganinsu. Naka ne suka tsufa, Sarkin Ɓarna."

Allah ya sani ba ƙarya na yi niyya ba. Abin da kake gani kullum ba ka ganin tafiyarsa. Na lura ta ɗan yi fari, amma na ɗauka tsafta ce.

Shekarar da ta biyo aka yi masa aikin ido a Luzern, aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da ya dawo, daga mota bai je gida ba, coci ya wuce, ni kuma na bi shi da jakarsa. Ya tsaya a gaban tagar ya daɗe. Riga tana nan shuɗiya, tulu yana nan, makullai suna nan. Fuskar ce babu. Ɗan inuwar baki kawai ya rage, da ɗigo biyu inda idanu suke. Da na kalla da idonsa sai na ga abin da ya gani.

Ya sa aka kafa masa katakon hawa, ya hau da kansa da hannun nan mai rawa, ya ciro gilashin fuskar ya toshe wurin da kwali. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: wutarsa ce ba ta kai ba, itace ba kwal ba ne, laifinsa ne. Har a wurin shan giya ya faɗa, maza suka riƙa tsokanarsa wai rabi-rabi yake gasa gilashi. Ya ce ba komai, zai sake zana ta, yanzu ai akwai tanderun lantarki.

A nan wahalar ta fara. Babbar takardar da ya zana tagar a kai tun 1943 ɓeraye sun cinye ta a saman rumbu. Hoton aure kuwa kun ji yadda yake. Ba abin da ya rage sai abin da ke kansa, shekara talatin bayan an binne ta. Ya yanka sabon gilashi, ya dafe hannun dama da na hagu don rage rawa, ya zana. Wata mace ta fito, kyakkyawa, ba mu san ta ba. Ya goge ya sake. Wannan karon mahaifiyarsa ce. Ya sake, sai ga matar mai gidan waya. Hunturu biyu yana wannan. Na daina ƙirga gilasan da ya jera a jikin bango, mata birjik, ba Sefa a cikinsu.

Daga baya ya ce in riƙa zuwa ina zama masa, tun da jini ɗaya ne, ko ƙashin fuskar zai tuna masa.

"Haba mijin yaya, ni da nake da shekara sittin da biyar? Ita ko arba'in ba ta kai ba."

"Zauna dai. Ki rufe baki in kin iya, ita takan iya."

Na zauna masa duk yamma bayan abincin rana, wuyana ya ƙage, shi yana numfashi kamar tsohon doki. In ya gama sai mu duba tare, sai mu ga ni ce, da fushina da komai. Wani lokaci mu yi dariya. Yawanci dai sai ya tuɓe tabarau ya dafe ido, ni kuma in haɗa masa kofi in tafi gida. Na gaji, shi ya fi ni gajiya, kwalin nan kuma yana tagar coci kowa na gani duk Lahadi.

Ranar Talatar makon wanki na 1974 na biya shagon kai tsaye daga coci, bokitina a hannu da sauran ruwan soda mai ɗumi. Yana can yana dama baƙin garinsa. Sai na hango tsohon gilashin fuskar a kan kanta, ƙura ta lulluɓe shi. Hannuna bai tambaye ni ba. Na ɗauko shi, na tsoma buroshi a bokiti.

"Rosli! Ajiye!"

Shekara arba'in da biyar na san mutumin nan, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma rabon da ya kira sunana na gaskiya har na manta. Na tsaya da gilashin a hannu, daidai hasken taga. A nan na gani. Can bakin-bakin, inda dalma ta rufe shekara da shekaru, layin gashinta yana nan baƙi ƙirin kamar jiya aka zana. Tsakiyar kuwa duk ƙananan ƙarce ne, sirara, zagaye a kan zagaye, sun fi yawa a kumatu da goshi. Kuma zagayen ta hagu yake juyawa. Ni bahaguwa ce. Duk tukunyar da ke gidana haka gindinta yake.

Na zauna, na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na sauke shi."

"Shekara biyu kana gaya wa gari wutarka ce."

"To ai wutata ce, rabi. Da da kwal na gasa shi, ko da yashi kika dirje shi ba abin da zai same shi."

"Me ya hana ka gaya mini tun farko kada a sa masa soda?"

"Na gaya wa Toni, shekarar da kuka yi aure. Na ce busasshen tsumma kawai."

Wayyo Toni. Mutumin da ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya shanye ya ce ta yi daɗi, shi ne zai zo ya ce mini ban iya wanki ba? Na tabbata ya ɗauko maganar har bakin ƙofa, ya ga fuskata, ya mayar da ita ciki.

Na ce, "Ka zage ni mana, Balz. Don girman Allah ka ce wani abu."

Ya tuɓe tabarau ya ajiye. "Na gaji, Sajan. Kuma in zage ki a kan me? Shekara ashirin da takwas kina hawa tsani kina shafa mata fuska kina mata hira. Ni daga benci kawai nake kallonta." Sannan ya ce, "Kunnenta na hagu na tuna. Na tuna yadda take ɗaure gashi. Tsakiyar ce ta tafi. Ke fa, in kin rufe ido kina ganinta?"

Na rufe ido. Ɗaki ɗaya muka kwana da Sefa shekara ashirin, ita ta koya mini saƙa, ni na rufe mata ido ranar da ta cika. Na neme ta, na neme ta, ba abin da ya zo mini sai fuskar gilashi, jiƙe da kumfa, a ƙarƙashin buroshina. Ita ma ɗin ta ƙarshen-ƙarshen, wadda ta riga ta koɗe. Na yi kuka a shagon nan irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta, shi kuma ya zauna yana kallon bango har na gama.

Ranar Alhamis ya hau katako ya cire kwalin, ya mayar da tsohon gilashin yadda yake. Sabon Fada, yaro ne mai kirki, ya tambaye shi ko ba za a sa ɗaya daga cikin sababbin ba, tun da ga su nan da yawa kuma duk sun yi kyau. Balz ya ce waɗancan baƙi ne, wannan ce matarsa. Bai sake ɗaukar buroshin zane ba. Ya yi sauran shekara biyar yana zama a bencinsa, yana zuwa gidana cin dankali da cuku ranar Laraba, muna tsiyarmu sama-sama. Bai faɗa wa kowa ba har ya mutu, gari har yau wutarsa yake zargi. An binne shi kusa da Sefa, kuma dole yana fuskantar dutsen, don kuwa haka layin kaburburan yake.

Mutanen Luzern ɗin nan, kafin su zo wurina, sun shiga coci. Ɗayansu ya ce mini tagar Marta ta ba shi mamaki, wai tun a 1943 mutumin ƙauye ya yi tunanin barin fuska fayau don haske ya yi magana, wai ya riga zamaninsa. Saura kaɗan in watsa masa kofin. Na dai ce masa ya ƙara cuku.

Mako mai zuwa wankin Ista ne. Yanzu jikokin su Berta ke yi, ni ba na iya hawa ko matakala uku. Nakan je da sandata in zauna a ƙarƙashin tagar kudu daga safe har su gama, duk wadda ta doso da tsani in kore ta, suna ce mini tsohuwa ta rikice. Shekara shida ke nan da mayar da gilashin, ruwa bai taɓa fuskar ba. Na yi zaton in hayaƙi ya taru zai zauna a inda zanen yake a da, ko girar nan ta hagu ta ɗan dawo. Hayaƙin ya taru, amma a cikin ƙarcen ya zauna. In rana ta bugo tagar da hantsi, abin da ake gani a fuskar yayata zagayen buroshina ne, yana juyawa ta hagu.